Na Ci Kifin Otieno, Na Cire Katinsa

Mutumin da ya fara yi mini murmushi a Nairobi shi ne ya fara cuta ta. Dillalin gidaje ne, mun yi ciniki da shi ta waya tun ina Daura. Ya turo mini hotunan ɗaki tsaf, har da labule da tukunyar fure a bakin taga, ni kuma na tura masa kuɗin haya ba tare da na yi shawara da kowa ba. Ranar da na sauka ya zo filin jirgi da kansa, ya karɓi jakata, yana ta kirana ɗan'uwa. Ya kai ni ƙofar wani dogon bene, ya ce in jira ya karɓo makulli. Na jira har la'asar ta wuce. Da na gaji na tambayi mai gadi, ya dube ni da tausayi ya ce ba ni ne na farko da aka ajiye a wannan ƙofa ba. Jakar dai ya bar mini, wannan kam ba zan yi masa sharri ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a ce dillali ne ya yi mini haka. Ni Bashir, ɗan gidan 'yan kasuwar hatsi na bayan Kusugu, wanda kawunsa Ilu ya yi suna a dillancin dabbobi a Babban Mutum! Tun ina yaro nake zama gefen ciniki, ina ganin yadda ake murɗe baƙo. Ga ni yau a kan jaka, ruwa ya fara saukowa, babu wanda na sani a duk faɗin garin.

Banda ta dillalin, lamba ɗaya ce ta ƙasar a wayata, ta injiniyan da ya yi mini tambayoyi lokacin ɗaukar aiki, wani mai suna Otieno. Na daɗe ina kallonta kafin na kira, don kunya. Bai bar ni na gama bayani ba ya ce in tsaya inda nake. Ya iso da wata tsohuwar mota mai tari, dogo ne baƙi mai babbar murya. Ya jefa jakata baya ya ce, “Oga, shiga mu tafi. Garinmu ya gama gaishe ka, saura gida.” Duk ɗan Najeriya Oga ne a wurinsa.

A falonsa na yi azumin shekarar gaba ɗaya. Shi Kirista ne, matarsa ma haka, amma tun ranar farko ya janye teburi daga kusurwa, ya nemo alƙibla da wayarsa, ya ce nan ne masallacina. Matarsa ta daina sayen naman da ba ta san yankansa ba, sai kifi. Kullum kifi da tuwon masararsu mai taurin gaske, wanda idan ka jefi mutum da shi sai an kai ku wurin 'yan sanda. Sanyin damina na ƙasar ya shiga ƙashina, Otieno ya ɗauko jan bargo mai ratsi-ratsi ya yafa mini. Ina kewar furar Inna da miyar kuka har wani lokaci in ji ƙamshinsu a hanci, amma ban taɓa kwana da yunwa a gidan nan ba. Bayan Ƙaramar Sallah matar ce ta samo mini ɗaki a unguwar Somaliyawa, kusa da masallaci. Na tafi da bargon, ya ce in riƙe.

Kamfaninmu ƙarami ne. Suna yin manhajar waya ta masu saye da sayar da dabbobi, ta karɓu a ƙasarsu, suna so su shiga kasuwanninmu na kan iyaka, irin su Mashi da Babban Mutum. Sun ɗauke ni ne don na karanta kwamfuta, na ɗan yi aiki a Kano, kuma na san kara, wato kasuwar dabbobi. Aikina ba rubuta manhajar ba ne, wannan na injiniyoyi ne. Ni nawa shi ne in faɗi abin da za a fara ginawa, da wanda zai jira, da wanda za a manta da shi. Da na yi wa Inna bayani ta waya sai ta ce, “To, wato kai ne mai raba aiki.” Na ce haka ne. A lokacin ban san rabin aikin hana aiki ne ba.

A bangon ofis akwai babban farin allo cike da ƙananan katuna masu launi. Kowane kati abu ne da wani yake so a saka a manhajar. Mai talla tana son taswira, mai kuɗi yana son a riƙa biya ta ciki, wani yana son Faransanci saboda mutanen Nijar, wani ma launin maɓalli ne ya dame shi. Shugabarmu, Madam Wanjiku, mace ce gajera da ba ta son dogon zance. Ta ja layi a saman allon ta ce da ni, “Dole manhajar nan ta kasance a hannun 'yan kasuwarku kafin cinikin ragunan Babbar Sallah ya buɗe. Idan muka makara, masu zuba jari za su janye daga Najeriya, kai ma ka san inda takardun zamanka suka rataya. Injiniyoyinmu abu uku kawai za su iya gamawa. Wanda ka ɗora a saman layi shi za a yi.”

A cikin katunan akwai wani kore da kowa ke taka-tsantsan da shi. Na Otieno ne. Ya shafe watanni yana gina wata dabara, ka ɗauki hoton rago da waya, ta faɗa maka nauyinsa. Har ƙarshen mako yakan tafi ƙauyensu ya yi ta ɗaukar hoton tumakin mutane suna yi masa dariya. Abin yana aiki kuwa, na gani da idona, saura gyare-gyaren da za su ci rabin lokacin da ya rage mana. Idan yana maganarsa idonsa har ƙyalli yake yi. Ya taɓa ce mini wannan ne abu na farko da ya ƙirƙira da kansa, ba wanda wani ya ce ya yi ba.

Ni kuwa mutumin Daura ne, an raine ni da kara. Duk wanda ya zo teburina da katinsa sai in saurare shi, in yaba, in ce za a duba. Da zaman farko na tantance katunan ya zo, sai ga ni na jera katuna birjik a saman layi, kowanne na rubuta masa “muhimmi ƙwarai”. Madam ta tsaya ta kalli allon ta ce, “Bashir, ba ka zaɓi komai ba. Ka dai matsar da bangon sama ne.” Aka yi dariya, ni ma na yi, amma kunnuwana sun yi zafi. Ta ba ni mako ɗaya.

A makon nan na yi ta kiran gida. Na yi magana da 'yan kasuwa da dillalai da masu ɗaukar dabbobi a babur, tambaya ɗaya nake yi wa kowa: me zai sa ka ajiye wannan abu ka ƙi amfani da shi a kakar nan? Amsoshin suka yi ta zuwa wuri guda. Yawancinsu ba sa son rubutu, murya suke so, su faɗa a ji. Sabis kuma a kan iyaka sai ya ga dama, wayarka tana Najeriya yanzu, ka matsa bayan kuka ta koma Nijar, don haka dole manhajar ta riƙe saƙo har sabis ya dawo. Na uku shi ne shaida. Ba wanda zai sayi dabba daga hoto sai ya san wane sanannen dillali ne ya tsaya mata, ya ce ba ta sata ba ce.

Da na kira Kawu Ilu na ba shi labarin awon nauyi, ya ji daɗi ƙwarai. “Kai, wannan yaro yana da kai,” in ji shi. “Mahauta za su so shi, su da ke lissafin nama. Amma ragon layya, Bashiru, ai ka sani. Mutum ƙaho yake kallo da tsayuwa, ya buɗe baki ya ga haƙori, ya dafa gadon baya. Ba a taɓa tambaya ta kilo nawa ne ba. Ka ce masa ya adana, ranarsa tana zuwa.”

Na ajiye wayar. Uku sun cika, babu na Otieno a ciki. Ba aikin ne ya fi tsaya mini a rai ba, Allah ya sani. A duk ƙasar nan mutum ɗaya nake da shi, shi ne kuma zan cire wa kati a gaban jama'a. A gidanmu wanda ka kwana ƙarƙashin rufinsa ba ka duban idonsa ka ce masa a'a. Ko Baba, da zafinsa, idan zai hana mai masaukinsa wani abu sai ya bi ta hanya mai nisa.

Sai na yi abin da na ga manya suna yi. Ranar Lahadi, jajibirin zaman, na sa babbar riga da hula, na sayi dabino mai kyau, na ɗauko matashin fata da na taho da shi daga Daura, na nufi gidansa da rana ba tare da wani dalili ba. Mun gaisa sosai, na tambayi lafiyar iyayensa da ta kowa nasa. Aka kawo kifi, na ci. Na yabi aikinsa yabon da ya wuce ƙima. Daga nan na kawo masa labarin Kawu Ilu, yadda wani lokaci yakan ware ragon da ya fi kowanne kyau ya ƙi kai shi kasuwa a shekarar, ya bar shi sai baɗi, don ya san darajarsa. Na maimaita labarin ta wata fuska don ya zauna. Da zan tafi na riƙe hannunsa da hannu biyu na ce, “Otieno, duk abin da ka gani daga gare ni, ka yafe mini.” Ya yi dariya ya buga kafaɗata ya ce, “Oga, ba ka da laifi a wurina.”

Na koma ɗaki da sauƙi a zuciya. A ganina na isar da saƙo, ya kuma karɓa da dattaku. Ko yaron da ya tashi a Daura, idan baƙo ya zo masa da kyauta ba biki ba suna, ya yi yabo, ya kawo zancen ragon da aka ajiye, ya nemi gafara a bakin ƙofa, ai ya san an gama magana.

Washegari na tsaya gaban allo. Na ɗora katin murya, da na riƙe saƙo, da na shaidar dillali, na faɗi dalilin kowanne da abin da mutanen kasuwa suka ce. Sauran na sauke su ɗaya bayan ɗaya. Mai talla ta ɓata rai, mai kuɗi ya yi gunaguni. Da na kai hannu kan koren kati na waiwaya ina sa ran Otieno zai gyaɗa mini kai. Sai na ga murmushin fuskarsa yana gushewa a hankali. Amma hannuna ya riga ya cire katin.

“Jiya kana gidana,” in ji shi. Bai ɗaga murya ba, abin da ban saba ji daga gare shi ba.

“Ai shi ne ya kai ni,” na ce. “Na faɗa maka.”

“Me ka faɗa mini? Ka ce aikina ya fi na kowa. Ka ba ni labarin ragon kawunka. Bayan fitarka na ce da matata katina ya hau.” Ya dubi Madam, ya sake dubana. “Kana da damar cirewa, aikinka ne. Amma ka zauna a teburina ka ci abinci kana sane, ka bar ni na shigo nan ina washe baki.”

 Madam ta ce zaɓin ya yi, a fara aiki. A ranar ne ta fara yaba mini, ban kuma ji daɗin yabon ko kaɗan ba.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi wuya a zamana na ƙasar, sun fi ranar da na zauna kan jaka a cikin ruwa. Otieno bai yi mini rashin mutunci ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Shi aka ba aikin riƙe saƙo idan babu sabis, ya yi shi da kyau kamar nasa. Amma Oga ya ƙare, na koma Bashir. Idan na tambaye shi abu sai ya amsa a taƙaice ya mayar da abin jin sautinsa kunne. Da rana nakan ci abinci ni kaɗai a wurin wata dattijuwa Basomaliya mai shayi. Ba ma jin yaren juna sosai, amma ta lura na rame, ta riƙa ƙara mini sambusa ɗaya a gefen faranti. Ni kuma raina yana ta gardama da kansa. Wani lokaci in ji haushinsa, in ce wane irin mutum ne ba ya gane magana sai an buga masa ita a goshi? Wani lokaci in dubi jan bargon nan in kasa yafa shi.

Manhajar ta fita a kan lokaci. Wata safiya saƙon murya ya shigo daga Kawu Ilu, na kunna shi a ofis ban san ƙarar tana sama ba. Sai kukan raguna ya cika ɗakin, da ƙarar babura, da muryar wani yana rantsuwa a kan farashi. Kawu yana cewa, “Bashiru, ina can bayan gari na yi maganar nan, ba sabis ko ɗigo. In ta iso ka, to abin naku ba ƙarya ba ne.” Na ji ƙurar kara a maƙogwarona, hawaye ya zubo mini a gaban mutane. Otieno ya cire abin kunnensa ya tambayi abin da tsohon ya ce. Na fassara masa. Ya gyaɗa kai, ya mayar da abinsa.

Ranar Babbar Sallah na sayi akuya, maƙwabtana suka taya ni yanka ta. Da aka raba na ɗauki cinya guda, don a gidanmu naman layya yana shiga gidan maƙwabci ko wane ne shi. Na tafi gidan Otieno. Da ya buɗe ƙofa ban shiga ba, na miƙa masa naman na ce ranar nan ba yaudararsa na zo yi ba. Na warware masa komai, dabinon da matashin da labarin ragon da neman gafarar, na ce a wurinmu wannan ita ce hanyar gaya wa wanda kake jin nauyinsa magana mai ɗaci.

Ya dube ni. “Wato duk wannan a'a ce?”

“A'a ce, babba ma.”

Ya girgiza kai, ya kusa yin dariya amma bai yi ba. “Da a nan bakin ƙofa ka ce mini katina ba zai hau ba, da mun yi musu har muryarmu ta dushe, sannan mu shiga mu ci kifi. Ba katin ne ya fi yi mini ciwo ba. Na ɗauka ka mayar da ni wanda ba a iya gaya wa gaskiya.”

“A wurinmu girmamawa ce,” na ce.

“A wurinmu ba haka ake ɗaukarta ba.”

Ya karɓi naman, ya yi godiya, ya ce a gaida mutanen gida. Bai ce in shiga ba, ni ma ban nema ba. Na dawo ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba.

Bayan Sallah masu zuba jari suka amince a ci gaba, aka sabunta mini takardu. Madam ta goge allo ta sake jan layi. Katuna suka dawo, har da koren, Otieno ya manna shi da hannunsa. Na sake kiran gida na yi tambayoyina, ina addu'a a raina amsa ta faɗa wajensa. Ba ta faɗa ba. Abin da ya fi damun 'yan kasuwa yanzu shi ne samun motar da za ta kwashe dabbobi zuwa kudu, mahauta kuwa ba su shigo manhajar da yawa ba tukuna.

Ranar Lahadi na sake kama hanyar gidansa. Ban sa babbar riga ba, ban riƙe ko dabino ɗaya ba. Tun daga matakala nake jin ƙamshin soyayyen kifi. Ya buɗe ƙofa, bakina ya ɗauko gaisuwa da kansa, na haɗiye ta. Ji na yi kamar na fito kasuwa ba wando.

“Otieno,” na ce, “katinka ba zai hau ba wannan karon ma.”

Ya ware ido. Sai ya fara. Ya ce ban san abin da nake yi ba, ya ce mahauta ba su shigo ba ne don ba mu ba su dalilin shigowa ba. Na ce masu mota sun fi su yawa kuma sun fi su matsuwa. Ya kawo hujja, na kawo tawa, muryarsa ta cika benen har wata maƙwabciya ta leƙo. Ban taɓa yi wa wanda ya ciyar da ni musu haka ba, amma ban janye ba. Daga ciki matarsa ta ɗaga murya ta ce abinci yana hucewa, in faɗa za mu yi mu yi shi a zaune.

Otieno ya nuna ni da yatsa. “Ka yi kuskure, gobe kuma a gaban Madam zan nuna maka.” Ya matsa gefe ya bar mini hanya. “Cire takalminka, Oga.”

Na cire na shiga. Teburin nan har yanzu yana inda ya janye shi, kusurwar tana nan fili yadda na bar ta.